Buɗaɗɗiyar kimiyya: fafutukar wa ce, kuma ina manoman Kura da Bunkure a cikinta?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya doshi garin Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. Inda ido ya saba da busassun karan dawa da ƙura, sai ya iske kore shar: tumatir, albasa, alkama, masara, shinkafa. Ruwan da ya raya wannan fili daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana bin babbar magudana ta Ruwan Kanya, ya rabu gida biyu, ya ratsa gonakin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, aka gyara kimanin 15,000.

Abin da matafiyi ba zai hango daga cikin mota ba shi ne tarin takardun da aka rubuta a kan wannan ƙasa. Injiniyoyin kamfanin NEDECO na ƙasar Holan sun auna ta tun farkon aikin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa. Masana daga Ingila da Suwidin sun rubuta littattafai a kanta. Ɗaliban digiri na biyu da na uku daga Zariya da Kano da Wudil sun ɗebi ƙasarta da ruwanta zuwa ɗakin gwaji, sun bi manoma gona-gona da takardun tambayoyi: buhu nawa ka samu bara, taki nawa ka zuba, iyalinka nawa. Shekara hamsin ana tambaya, manoma suna amsawa.

Saboda haka da wuya a sami wurin da ya fi nan dacewa a gwada wata magana da ta cika tarukan masana a duniya, wato buɗaɗɗiyar kimiyya. Masu ita suna cewa fafutuka ce ta mayar wa jama'a ilimin da aka tara da dukiyarsu. Wasu kuma suna cewa ba fafutuka ba ce, tsari ne kawai na hukumomi da kamfanoni da aka yi wa ado da sunan jama'a. Amsar ta danganta da inda mai tambaya ya tsaya, kuma wanda ya tsaya a bakin magudana a Bunkure ba abu ɗaya yake gani da wanda ke zaune a zauren taro a Faris ba.

Daga ina maganar ta taso

A taƙaice, buɗaɗɗiyar kimiyya ita ce ra'ayin cewa sakamakon bincike, da alƙaluman da aka dogara da su, da hanyar da aka bi aka kai ga sakamakon, duk su kasance a fili, kowa ya karanta ba tare da biya ba, ya duba, ya ɗora nasa a kai.

Ƙorafin da ya haife ta mai sauƙin fahimta ne. Malamin jami'a yana yin bincike da kuɗin gwamnati. Ya rubuta maƙala ya miƙa wa mujalla, ba a biya shi ba. 'Yan'uwansa masana su tantance ta, su ma ba a biya su ba. Sannan kamfanin ɗab'i ya rufe ta, ya sayar wa laburaren jami'ar da ta biya albashin wanda ya rubuta. Wani nazari da masana na Jami'ar Montreal suka fitar a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal ne suka buga fiye da rabin maƙalun da aka lissafa a babbar ma'adanar mujallu a 2013. Sashen kimiyya na kamfanin da ya mallaki Elsevier ya daɗe yana bayyana ribar da ta haura kashi 30 cikin 100.

Turjiyar ta fara ne daga cikin gida. A 1991 wani masanin fiziya mai suna Paul Ginsparg ya buɗe arXiv, inda masana ke ajiye maƙalunsu kyauta kafin mujalla ta buga. A Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta bayyana ma'anar buɗe maƙalu ga kowa, ta Berlin ta biyo baya a 2003. A 2011 wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta kafa Sci-Hub, shafin da ke raba miliyoyin maƙalu ba da izinin kamfanoni ba, kotunan Amurka suka yanke hukunci a kanta. A 2012 masanin lissafi Timothy Gowers na Jami'ar Cambridge ya ce ya daina hulɗa da Elsevier, dubban masana suka sa hannu suka bi shi. A Janairun 2013 Aaron Swartz, matashi ɗan shekara 26, ya kashe kansa yana fuskantar shari'a a kan sauke miliyoyin maƙalu daga ma'adanar JSTOR. A 2018 wasu hukumomin ba da kuɗin bincike na Turai suka ce duk wanda ya karɓi kuɗinsu dole ya buɗe sakamakonsa. A Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na UNESCO, har da Najeriya da Nijar, suka amince da kundin shawarwari a kan buɗaɗɗiyar kimiyya.

In dai fafutuka tana nufin samun abin da ake yaƙa, da sanarwa, da ƙauracewa, da waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu, to wannan ta cika sharuɗɗan. Ta kuma yi nasarorin da ba za a raina ba. Ɗalibi a Jami'ar Bayero yau yana iya sauke maƙalu a wayarsa waɗanda malaminsa, shekara talatin da suka wuce, sai ya rubuta wasiƙa Turai ya jira watanni kafin ya gan su.

Sai dai akwai abin da ke sa wasu ja da baya. Masu nazari biyu a Jamus, Benedikt Fecher da Sascha Friesike, sun tace abin da ake rubutawa a kan batun suka iske mazhabobi biyar ne ke amfani da suna ɗaya. Wasu burinsu adalci a rabon ilimi, wasu shigar da jama'a cikin bincike, wasu saurin aiki, wasu gina na'urori da ma'adanai, wasu kuma sabuwar hanyar auna darajar masani. Ita kanta UNESCO ba ta kira abin fafutuka guda ba, ta bayyana shi a matsayin inuwar da ta tattara fafutuka da ayyuka iri-iri. Ga shi kuma manyan kamfanonin da aka tashi yaƙa yanzu suna cikin masu ɗaga tutar, domin sun gano yadda za su ci riba a sabon tsarin.

Mutanen Kano suna da nasu ma'aunin. A ranar 8 ga Agustan 1950 mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. Abin da ya sa ta zama fafutuka ba takardar sanarwarta ba ce kawai. Waɗanda haraji da jangali da aikin tilas suka dama su ne 'yan jam'iyyar, da harshensu ake magana, a kasuwanninsu ake taro, su ne kuma ake ɗaurewa. Idan aka ɗora buɗaɗɗiyar kimiyya a kan wannan sikeli, za a ga cewa fafutuka ce ta gaske, amma ta masu bincike da ma'aikatan laburare da hukumomin ba da kuɗi. Mutanen da ake bincike a kansu, ana ambatonsu a gabatarwa, ba su cikin masu yanke shawara.

Darasin Sharon

Babu abin da ya fito da wannan giɓi fili kamar abin da ya faru da tumatir a 2016. A watan Maris na shekarar aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a kullum. Cikin 'yan makonni ta tsaya, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tumatirin ya ƙare a gona. Wata tsutsa ce ta shiga, manoma suka sa mata suna Sharon, jaridu suka kira ta Ebolar tumatir. Gona takan kwana kore, bayan kwanaki kaɗan ta koma kamar an babbake. A watan Mayu gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabi daga Kwanar Gafan har Legas.

A wurin manomi annoba ce da ta faɗo ba sallama. A wurin masana kuwa tsohuwar saniya ce. Sunanta na kimiyya Tuta absoluta, asalinta Kudancin Amurka, inda aka shafe shekaru da dama ana fama da ita. Ta tsallako Sifen a 2006, ta mamaye ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, aka ba da rahotonta a Sudan da Senegal da Jamhuriyar Nijar kafin ta iso Najeriya. Tun 2010 aka buga dogon sharhi a kanta a wata mujallar nazarin ƙwari ta Turai. An san cewa ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike da ke yawo da dare, macen tana iya yin ƙwai sama da 200, kuma a ƙasa mai zafi yana iya hayayyafa zubi goma ko fiye a shekara. An san cewa tsutsar tana shigewa cikin naman ganye ne ta ci daga ciki, shi ya sa feshin da ya tsaya a bayan ganye ba ya kai mata. An san, daga binciken Brazil da Chile da Ajantina, cewa yawan fesa magani iri ɗaya yana sa ta saba da shi ta daina mutuwa. An san ana iya gano zuwanta da wuri da tarkon da ke kwaikwayon ƙamshin mace ya jawo maza, da cewa ƙona ragowar shuka bayan girbi da sauya abin da ake nomawa suna rage ta.

Wani ɓangare na wannan ilimi a kulle yake a mujallun kuɗi. Amma wani ɓangare mai yawa a buɗe yake a intanet, kyauta, tun kafin ta iso. Bai hana manoma ƙara magani a kan magani ba, suna ninka awo, suna gauraya wannan da wancan bisa shawarar mai shago, wato daidai abin da binciken ya ce yana ƙara mata ƙarfi. Kuɗin magani ya tafi, tumatir ya tafi, ga kuma gubar da mai feshi ya shaƙa. Daga baya Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, wadda ke da reshe a Bagauda kusa da Tiga, ta fito da tarkon faranti mai amfani da haske da ruwa, da magungunan da aka haɗa daga tsirrai. Duk da haka tsutsar ta sake yin ɓarna mai yawa a Kano a 2023.

Wannan ya nuna cewa katangar kuɗi ɗaya ce daga cikin katangu. Fafutukar ta rushe wani sashe nata, kuma ta cancanci yabo. Amma maƙalar da aka buɗe, da Turanci take, cike da kalmomin da ko mai digiri a wani fanni ba zai gane ba, a shafin da sai mai babbar waya da data zai kai gare shi. Tsakanin wannan maƙala da mai riƙe da fartanya akwai malamin gona, kuma malamin gona ɗaya ne ga dubban manoma. Inda babu shi, mai sayar da magani ne ke cike gurbin, shi kuwa abin da ya sani shi ne abin da ke cikin shagonsa.

Gudun gara

Ko a cikin jami'a, damawa da kowa ba ta samu yadda aka yi alkawari ba. Da aka matsa wa kamfanoni su daina cajin mai karatu, sai suka koma cajin mai rubutu. A Janairun 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan duk maƙalar da marubucinta ke so a buɗe ta ga kowa. Wannan ita ce ƙololuwa a lokacin, amma dala dubu biyu ko uku ba baƙon farashi ba ne a mujallu masu suna. A canjin yau, kuɗin Nature ya fi albashin shekara guda na malaman jami'a da dama a Najeriya. Akwai rangwame da yafiya ga wasu ƙasashe, amma kamfanin ne ke tsara wanda ya cancanta, shi ne kuma ke sauya jerin in ya ga dama.

An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. A da masanin ƙasa na Samaru ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kan Kadawa. Yanzu yana iya karantawa, amma abin da shi ya gano a Kadawa yana da wuya ya shiga inda ake karantawa, sai in ya raɓu da abokin aiki daga Turai ko Amurka mai kuɗin biya. Wanda ya biya kuwa sau da yawa shi ke zaɓar tambayar, sunansa kuma ke zuwa farko. Gidauniyar Gates, wadda ke zuba kuɗi mai yawa a binciken noma a Afirka, ta daina biyan irin wannan kuɗi daga 2025, ta ce masu karɓar tallafinta su ajiye maƙalunsu a ma'adanai na kyauta.

Akwai wata hanyar, kuma ba daga Turai ta fito ba. Brazil ta kafa SciELO a ƙarshen shekarun 1990, inda galibi jami'o'i da hukumomin gwamnati ke ɗaukar nauyin mujallu. A Afirka akwai AJOL tun 1998, mai ɗauke da ɗaruruwan mujallu, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a ciki. Mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero tana can. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ma'adanar intanet mai suna Kubanni, inda ake ajiye kundayen digiri. Matsalar ita ce kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i da yawa sun fi ba da maki ga maƙalar da ta fito a mujallar da ke cikin jerin Scopus, shi kuwa Scopus mallakin Elsevier ne. Malamin da ke neman zama farfesa ya san inda makinsa yake, kuma ba a zauren dagacin wani ƙauye a Bunkure yake ba.

Harshe

Kundin UNESCO na 2021 ya ambaci ilimi cikin harsuna da yawa tun a ma'anar da ya ba batun. A aikace abin da aka yi kaɗan ne. A 2021 ƙungiyar Masakhane, tare da ma'adanar AfricArXiv da wasu abokan aiki, ta fara shirin fassara maƙalu 180 zuwa harsunan Afirka shida, Hausa na ciki. Hukumar NiMet ta fara fitar da hasashen damina na shekara da Hausa. Cibiyar NAERLS ta Zariya da hukumar KNARDA ta Kano sun daɗe suna shirye-shiryen noma a rediyo. Masu cewa Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba sun manta cewa tun kafin samun 'yancin kai Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, littafin kimiyyar halittu da aka karantar a makarantun Arewa.

Akwai masu cewa, da gaskiyarsu, ba don manomi ake rubuta maƙalar kimiyya ba, don haka fassara ta kalma da kalma ɓata lokaci ne. Haka ne. Manomin tumatir ba ya bukatar jadawalin lissafi. Abin da yake bukata shi ne ya ji abin da aka gano a gonarsa, cikin minti biyar a rediyo ko a saƙon murya na WhatsApp, ya kuma sami damar cewa wannan bai yi daidai da abin da yake gani ba. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, kuma ba ya cikin abin da ake auna masani da shi, don haka shi ne na farko da ake yankewa in kasafin bincike ya gaza.

Kura da shan bugu

Tarihin aikin noman rani na Kogin Kano kansa ya nuna abin da ake asara in sakamako bai dawo gida ba. A ƙarshen shekarun 1970 Tina Wallace, tana aiki da Jami'ar Ahmadu Bello, ta zauna a ɗaya daga cikin garuruwan da aikin ya shafa. Ta nuna cewa tsadar taki da iri da kuɗin ruwa da hayar tarakta tana tura ƙananan manoma su ba da hayar gonakinsu ko su sayar ga masu hali, ciki har da 'yan kasuwa da ma'aikata daga birni. A 1985 Cecile Jackson ta fitar da littafi a kan yadda aikin ya shafi mata, waɗanda masu tsara shi ba su sa a lissafi ba, ta kuma nuna cewa tasirinsa a kan matan kulle daban yake da tasirinsa a kan matan Maguzawa masu noma da kansu. A shekarar dai Gunilla Andrae da Björn Beckman suka buga The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka yi jayayya da hikimar kashe maƙudan kuɗi don noman alkama a irin waɗannan ayyuka. A shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa cewa ruwan da ake tarewa a sama, da an bar shi ya isa fadamun Haɗeja da Nguru, amfanin da manoma da masunta da makiyaya za su samu daga kowane awo nasa ya fi wanda ake samu a gonakin aikin.

Ba dole ba ne a yarda da duk waɗannan. Manomin Kura da ke noma sau biyu ko uku a shekara yana da amsar da zai ba Barbier, haka matan da ke turara shanshera, waɗanda sana'arsu ta sa garin ya zama cibiyar shinkafa. Abin lura shi ne muhawarar da ta shafi gonarsu da ruwansu an yi ta ne a Landan da Uppsala da Amurka, da Turanci, a littattafan da samunsu a Kano sai an sha wuya. Waɗanda suka ba da amsoshin da aka gina littattafan a kai ba su zama alƙalan abin da aka rubuta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko da gardin yana da kyakkyawar niyya, kamar yadda waɗannan marubuta suke da ita.

A nan ne kalmar buɗewa take da kaifi biyu. Tun 2008 hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat suka zama kyauta, na Sentinel na Turai ma haka, kuma a 2017 hukumar FAO ta buɗe WaPOR, inda ake ganin yawan ruwan da amfanin gona ke sha a Afirka. Ɗalibi a Holan yana iya auna koren gonakin Bunkure daga kujerarsa. Mai gonar ba shi da kwamfutar da zai yi haka. Abin da aka buɗe wa kowa, wanda ya riga ya fi ƙarfi shi ya fi cin moriyarsa. Haka batun iri. Kanannado da Ɗan Ila irin wake ne da manoman ƙasar Hausa suka tace da hannunsu tsawon zamani, masu bincike suka yi amfani da su a gwaje-gwajensu. Cibiyar IITA da ke Ibadan, mai reshe a Kano, tana riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya, sama da kala 15,000, a buɗe ga masu bincike ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Adana iri alheri ne, sababbin irin da aka fitar sun amfani manoma. Amma irin wannan tafiya ta ilimi daga ƙauye zuwa ma'adana ce ta sa al'ummun asali na Ostareliya da New Zealand da Amurka suka fito da ƙa'idojin CARE a 2019, suna cewa bai isa a ce bayanai a buɗe suke ba, sai an faɗi wa ke da iko da su da wa zai amfana.

Ba a rasa misalin akasin haka a gida ba. A shekarun 1960 da 1970, David Norman da abokan aikinsa a Samaru sun bi manoman ƙauyukan Zariya suna auna abin da suke yi, maimakon gaya musu abin da za su yi. Suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona ke kira ci-baya, dabara ce mai rage kasada da ƙara amfanin ƙasa da ƙwadago. Wannan bincike yana cikin tushen wata sabuwar hanyar nazarin noma da ta bazu a duniya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma an tabbatar da hakan da alƙaluma a Samaru shekaru da dama kafin UNESCO ta sa tattaunawa da ilimin gargajiya cikin ginshiƙan kundinta.

Bayanan da ba a mujalla suke ba

Idan aka tambayi abin da ya fi shafar noman rani kai tsaye, mafi yawansa ba maƙala ba ne. Yaushe za a saki ruwa daga Tiga, yaushe za a rufe don gyara. Ruwa nawa ke cikin madatsar a ƙarshen damina. Nawa ya isa ƙarshen magudana, inda manoman wutsiya suka saba kuka, nawa ya tsaya a sama. Kuɗin ruwan da aka tara nawa ne, nawa aka kashe wajen yashe laka da cire kacala. Me gwajin ƙasa ya nuna game da gishiri da kwanciyar ruwa, me gwajin ruwa ya nuna game da tsargiya ga yaran da ke wanka a magudana. Waɗannan ma alƙaluman kimiyya ne, ma'aikata ne ke auna su da kuɗin jama'a.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya gyara magudanan aikin Kogin Kano tare da wasu a Arewa, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su karɓi kula da ƙananan magudanai da tara kuɗi. A Satumban 2024 bankin ya amince da wasu dala miliyan 500 don shirin SPIN da zai ɗora a kai. Bashi ne da 'yan ƙasa za su biya. Takardun shirye-shiryen suna shafin bankin, wanda ya buɗe alƙalumansa tun 2010, kowa na iya saukewa, ɗaruruwan shafuka da Turanci. Su kuwa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su ne abu mafi kama da mazaɓar da buɗaɗɗiyar kimiyya ta rasa a wannan yanki: suna da mambobi, suna da shugabanni, suna taro, suna da abin da za su yi asara in alƙaluma suka ɓace. Ƙungiyar da aka ɗora wa tara kuɗi tana da hujjar neman ganin littafin awon ruwa, da hujjar gindaya wa duk mai binciken da ya zo da takardar tambayoyi sharaɗin ya dawo ya faɗi abin da ya gano.

Doka ma tana gefensu. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 kuma take kula da aikin, hukumar tarayya ce, haka cibiyoyin bincike na Samaru da Bagauda. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011 ta hau kansu, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ta hau kan hukumomin jihohi ma. Dokar ba ta bukaci mai nema ya faɗi dalilinsa ba. Ta yarda wanda bai iya rubutu ba ya nema ta hannun wani, ta kuma wajabta wa jami'in da aka tambaya da baki ya rubuta buƙatar ya ba mai ita kwafi. Wa'adin amsa kwana bakwai ne.